Ƙananan Daɗin Yau da Kullum da Rikicin Sunayensu a Turanci

 Muna so mu duba wani al'amari tare da ku, wanda kowa ya taɓa yin tuntuɓe da shi, amma ba kowa ne ya tsaya ya dubi dutsen da ya buge shi ba.

Babban farin ciki ba ya zuwa wa mutum kullum. Ranar aure, da ranar suna, da ranar da aka ci jarrabawa, duka ƙidayayyu ne cikin rayuwa. Abin da ke riƙe da zuciyar ɗan Adam yau da gobe ƙananan abubuwa ne: koko mai zafi da sanyin safiya, ƙosai da aka tsamo daga mai yanzun nan, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana, inuwar ceɗiya da azahar, ɓarin goro bayan tuwo, hira a ƙofar gida da farin wata. Ba mai buga tambari domin waɗannan, amma ran da aka rasa ɗaya daga cikinsu sai ka ji yinin duka ba armashi.

To, ga abin mamaki. Mai koyon Turanci ya kan haddace dogayen kalmomi na mulki da na shari'a da na lissafi, ya zuba su a takarda ba gargada. Amma ran da aka ce ya faɗi abin da ya ci da safe, ko ya kwatanta daɗin da ya ji a inuwa, nan harshe ke sarƙewa. Dalili kuwa shi ne, yawancin dogayen kalmomin nan masana ne suka ɗauko su daga Latin da harshen Girka, suka adana su cikin littattafai, ba su sha hannu ba. Kalmomin murhu kuwa, da na kasuwa, da na hira, sun yi ɗaruruwan shekaru suna yawo daga baki zuwa baki, sun goge kamar tsohon kwabo, har ba a gane hoton da ke jikinsu sai an duba da kyau.

Maganar da mu ke so mu kafa ita ce, kusan kowane rikici da ke cikin kalmomin nan yana da dalili, dalilin kuwa labari ne mai daɗin ji. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da ke koyon aikin malanta. Gobe yaro zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, don me?” Idan ba mu da amsa sai “haka Turanci ya ke” da zare ido, yaron zai koma da ɗayan zato biyu: ko dai shi ne daƙiƙi, ko kuwa harshen ne ba shi da kan gado. Kowanne ya ɗauka ya yi hasara, gama a ƙasashe irin su Nijeriya da Gana Turanci shi ne ƙofar da a ke bi zuwa manyan makarantu da aikin ofis.

Karin kumallo

Bari mu fara daga inda yini ke farawa. Abincin safe sunansa “breakfast”. Wanda ya raba kalmar biyu zai ga “break”, watau karyawa, da “fast”, watau azumi. Ashe mu da su tunaninmu ɗaya: mu muna karya kumallo, su suna karya azumin dare. Yawan faɗi ne ya gajarta wasalin farko, rubutun kuwa ya tsaya yadda ya ke. Ita kanta “fast” ɗin abin kallo ce, domin tana nufin azumi, tana nufin sauri, kuma tana nufin abin da ya kafu ba ya motsi, kamar rinin da ba ya zuba. Ƙaƙa kalma ɗaya za ta ɗauki gudu da tsayuwa? Asalinta ƙarfi ne. Mai azumi ya riƙe ƙa'ida da ƙarfi, rini ya kama tufa da ƙarfi, wanda ya yi gudu da ƙarfi kuwa ai shi ne mai sauri.

Sai shayi. Ganyensa daga ƙasar Sin ya fito, sunansa ma haka. Amma mutanen Sin ba su faɗar sunan iri ɗaya. Yawancinsu “ca” su ke cewa, mutanen gaɓar Fujiyan kuwa “te”. Fataken da suka bi ta tudu suka ɗauki “ca”, ta ratsa Farisa, ta shiga bakin Larabawa ta zama “shay”, ta ƙetaro Sahara ta iso mana “shayi”. 'Yan kasuwar Holan da suka bi ta teku a farkon ƙarni na 17 suka ɗauki “te”, daga gare su ta shiga Ingila, inda aka fara sayar da shayi a Landan wajen 1657. Saboda haka “shayi” da “tea” wa da ƙane ne, ɗaya ya zo a raƙumi, ɗaya a jirgin ruwa, suka gamu a teburin mai shayi. Sai dai a Ingila “tea” ba ta tsaya ga abin sha kaɗai ba. A waɗansu gidaje sunan ɗan abin taɓawa ne da la'asar, a arewacin ƙasar kuwa mutane da yawa su kan kira cikakken abincin maraice “tea”, su kira na rana “dinner”, alhali a waɗansu wuraren “dinner” abincin dare ne. Baƙon da aka gayyata “tea” ba zai san ko da ƙoshi zai koma gida ko da yunwa ba, sai ya tambayi lokacin da a ke so ya zo.

Sukari ma irin tafiyar nan ya yi. Daga Indiya sunan ya taso, ya bi ta Farisa, Larabawa suka ce “sukkar”. Mu muka karɓa daga gare su muka ce sukari. Turawan Italiya da na Faransa suka karɓa ta gefensu, ya isa Ingila ya zama “sugar”, ya sāke dawo mana muka ce suga. Haka gahawa: Larabawa suka ce “ƙahwa”, Turkawa suka ce “kahve”, ta isa Ingila ta zama “coffee”. A nan mu ne muka ƙara rikici da kanmu, gama “coffee” da “cup” duka mun mai da su kofi, har mutum ya ce a ba shi kofin kofi.

Burodi kuwa da fulawa a ke yinsa, fulawa kuwa “flour” ce. Kowane ɗalibi ya san yadda “flour” da “flower” ke rikita mai rubutun shifta, domin faɗarsu ɗaya, ɗaya gari, ɗaya fure. Gaskiyar al'amari ita ce asali kalma ɗaya ce. Mutanen dā sun kira mafi kyawun kowane abu furensa, saboda haka lallausan garin da aka tankaɗe aka fid da tsaki shi ne furen alkama. Har cikin ƙamus ɗin da Samuel Johnson ya fitar a 1755 rubutu ɗaya aka yi musu. Daga baya ne aka raba su.

Game da ƙwai akwai labari. William Caxton, wanda ya fara kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na waɗansu fatake da rashin iska ya tsai da jirginsu a bakin kogin Thames, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya tambayi wata mata ƙwai da kalmar mutanen arewa, wadda ita ce ta zama “eggs” ta yau. Matar ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya husata, gama shi ma ba ya jin Faransanci, ƙwai kawai ya ke so. Sai da wani ya ce “eyren”, kalmar mutanen kudu, sa'an nan ta gane. Ita “egg” ta mutanen Danmak da Norwe ce, waɗanda suka zauna arewa da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Su ne kuma suka kawo “window”, wadda asalinta idon iska, suna mai kyau ga taga. Ku duba fa, mutanen ƙasa ɗaya sun kasa fahimtar juna a kan ƙwai. Ina laifin yaronmu?

Na makiyayi da na mai gida

A 1066 Wiliyam, mai sarautar Nomandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kimanin shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na manya, talakawa kuwa suna nan da Turancinsu. Sai a 1362 aka yi doka a riƙa yin shari'a da Turanci. Wannan zama na harsuna biyu a ƙasa ɗaya ya bar alama har cikin tukunya. Dabbar da ke kiwo a saura tana da sunan Turanci, gama talaka ke kiwonta: “cow”, “sheep”, “calf”. In ta zo cikin akushi sai ta ɗauki sunan Faransanci: “beef”, “mutton”, “veal”. A Faransanci waɗannan sunayen dabbobin ne da ransu, amma sannu a hankali Turanci ya keɓe su ga nama. Mu da ke cewa naman sa da naman rago mun huta da wannan.

Ita kanta “meat” a zamanin dā abinci kowane iri ta ke nufi. Da ma'anarta ta tsuke ta koma nama kaɗai, sai ta bar waɗansu 'ya'ya a baya da tsohon suna. Shi ya sa “sweetmeat” alawa ce, ba ruwanta da mahauta. “Mincemeat” da a ke sawa cikin kek ɗin Kirsimeti yanzu yawanci busassun 'ya'yan itace ne da sukari da kayan ƙanshi da ɗan kitse, ko da ya ke a dā a kan haɗa da nama. “Sweetbread” kuwa, wadda mai karatu zai zaci burodi ne mai zaƙi, wata tsoka ce mai laushi daga maƙogwaro ko cikin maraƙi ko ɗan rago.

In muka shiga kasuwa sai mu iske sunaye da ke ba da labarin jahilcin fatake game da asalin kayansu. Zabo tsuntsun ƙasarmu ne, Turawa suna kiransa “guinea fowl”, daidai ne, gama Gini sunan da suka ba gaɓar Afirka ta Yamma ke nan. Amma da farko, da ya ke ta hannun 'yan kasuwar ƙasashen Turkawa ya riƙa isa Ingila, tsuntsun Turkiyya suka kira shi. Da Sifaniyawa suka kawo talotalo daga Meziko a ƙarni na 16, sai aka rikita tsuntsayen biyu, sunan “turkey” ya maƙale wa talotalo, wanda bai taɓa sanin hanyar Turkiyya ba. “Guinea pig” kuwa daga Kudancin Amurka ya fito, kuma dangin ɓera ne, ba abin da ya haɗa shi da Gini ko alade. Kafin mu yi dariya, mu tuna mu ɓeran Masar mu ke kiransa. Masara ma da sunan Masar muka kira ta, alhali asalinta Meziko. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Haruffan da ba su magana

Yanzu mu zo ga babban ciwon kai, watau saɓanin rubutu da faɗi. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44. Tun daga nan riga ta yi wa mai ita kaɗan. Bayan wannan akwai dalilai uku.

Na farko, faɗi ya sāke bayan rubutu ya daskare. Mu ɗauki kayan madafa: “knife” wuƙa, “knead” cuɗa ƙullu. A dā ana faɗar “k” ɗin nan sarai, sai cikin ƙarni na 17 ta faɗi daga baki. Jamusawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Turanci ne, har yau suna faɗarta cikin irin waɗannan kalmomi. Haka “gh”, wani sauti ne na maƙogwaro mai kama da “kha” ta Larabci. Da ya ɓace, a waɗansu kalmomi ya yi shiru, a waɗansu ya koma “f”, wasulan da ke gabansa kuma kowanne ya kama hanyarsa. Shi ya sa haruffa huɗun nan “ough” suka zama kamar 'yan uba. Cikin “dough”, watau ƙullu, ƙarshenta kamar “o” ya ke. Cikin “through” kamar “u”. Cikin “enough” kamar “af”. Cikin “cough” kamar “of”. Cikin “plough” kamar “au”. Cikin “bought” kuwa wani dogon “o” ne dabam. Mai noma da garma, ya sayi gari, ya kwaɓa ƙullu, ya ci ya ƙoshi har ya yi tari, ya gamu da kusan dukansu a yini ɗaya.

Har wa yau, tsakanin kimanin 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci duka suka gusa daga mazauninsu. “House” a dā kamar “hus” a ke faɗarta, “time” kamar “ti-me”, “name” kamar “na-me”. Injin buga littattafai ya zo ana tsakiyar wannan ƙaura, ya riƙe tsohon rubutu, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. Ga abin da ya kamata kowane malami ya sani: yaron da ya iya karatun Hausa da boko, ya ga “name” ya karanta “na-me”, ya faɗe ta kusan yadda mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ke faɗarta. Yaron ya bi ƙa'idar haruffa daidai. Abin da ya rage a gaya masa shi ne masu harshen sun tashi daga wannan unguwa.

Na biyu, shisshigin masana. A ƙarni na 15 da na 16 waɗansu masu ilmi, saboda ƙaunar Latin, suka riƙa cusa haruffa cikin kalmomi domin a ga asalinsu. Suka sa “b” cikin “debt” da “doubt”, suka sa “p” cikin “receipt”, ba wanda ya taɓa faɗarsu. “Island” kuwa aka sa mata “s” bisa zaton ta fito daga kalmar Latin mai nufin tsibiri, alhali tsohuwar kalmar Turanci ce, ba “s” a zuriyarta.

Na uku, masu ƙamus. Johnson ya tara kalmomi fiye da 42,000, yawanci ya tabbatar da rubutun da ya tarar. A Amurka kuwa Noah Webster, cikin ƙamus ɗinsa na 1828, ya zaɓi rubutu mai sauƙi ga waɗansu kalmomi. Shi ya sa a ke ganin “colour” da “color”, “centre” da “center”. Ma'ana ma ta kan raba gari tsakanin ƙasashen biyu. “Biscuit”, wadda asalinta a Faransanci abin da aka gasa sau biyu, a Ingila biskit ne mai ƙaras-ƙaras, a Amurka kuwa wani ɗan burodi ne mai laushi. “Corn” a tsohuwar al'adar Ingila hatsin ƙasa ne, musamman alkama, a Amurka masara ce.

Inda muka haɗa suka raba

Akwai wani irin rikici wanda ya fi na haruffa haɗari, domin ba ya fitowa a rubutun shifta. Kowane harshe yana da yadda ya yanka duniya gunduwa-gunduwa, wuƙaƙen kuwa ba su bin layi ɗaya.

Ku ɗauki “daɗi” kanta. Mu muna jin daɗin nama, da daɗin waƙa, da daɗin katifa, da daɗin labari. Turanci ya rarraba: abinci “delicious” ko “tasty”, katifa “comfortable”, hira “pleasant”. Ɗalibin da ya ce nama “sweet” ne, Bature zai zaci an barbaɗa masa sukari, domin “sweet” a wajen abinci zaƙi ne. Ku ɗauki “sha”. Mu muna shan ruwa, da miya, da lemo, da rake, da magani, da iska. A Turanci miya da lemo cinsu a ke yi, magani ɗaukarsa a ke yi, shan iska kuwa 'yar tafiya ce a ƙasa. Ku yi hattara kuma: in aka ce da mutum “he drinks” aka yi shiru, ba a faɗi abin da ya ke sha ba, to an ce mashayin giya ne. Da kalma biyu ana iya ɓata sunan bawan Allah ba da nufi ba. Inuwa ma biyu ce gare su: wadda a ke hutawa cikinta “shade”, wadda ke bin mutum a ƙasa “shadow”, ko da ya ke su biyun reshe ne na tsohuwar kalma ɗaya.

Wanda ya fi duka jawo wa yara wahala shi ne amsa tambayar da ke da korewa. In aka ce da Bahaushe, “Ba ka ci abinci ba?” sai ya ce, “I,” watau gaskiyarka, ban ci ba. Bature kuwa amsarsa tana bin aikin ne: in bai ci ba “no” zai ce, ko yaya aka juya tambayar. Saboda haka baƙon da ya amsa da “yes” yana nufin bai ci ba, sai a kwashe kwano ya kwana da yunwa. Yaron da aka tambaya da Turanci ko ba shi ya fasa tulu ba, ya ce “yes” yana nufin i, ba ni ba ne, ya amsa laifin da bai yi ba. Malamin da ya san wannan ya kan sa yaro ya cika maganarsa kafin ya yanke hukunci.

Akwai kuma kalmomin da ke sanye da rigar kishiyarsu. Mun koya cewa “in” a farkon kalma korewa ce, kamar “incomplete”, abin da bai cika ba. Amma “inflammable” a jikin garwar fetur ko ta kananzir tana nufin abin da ke kama wuta nan da nan, domin wannan “in” ɗin wata ce dabam ta Latin, mai nufin shiga ciki. Saboda gudun hasarar rai ne yanzu aka fi rubuta “flammable” a jikin irin waɗannan kaya. Haka “priceless” abin da ya fi ƙarfin kuɗi ne saboda daraja, “worthless” kuwa abin da bai kai anini ba.

Kalmar da Turawa suka fi yaba ƙananan daɗi da ita ita ce “nice”. Shayi “nice”, rana “nice”, maƙwabci “nice”. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin wanda bai sani ba, kuma wajen 1300 wawa ta ke nufi a Turanci. Ta gusa ta koma mai tsantseni, ta koma mai ƙyale-ƙyale da kiyaye daidai, sai a ƙarni na 18 ta zama abin yabo. “Holiday” asalinta rana mai tsarki. “School” kuwa, ku riƙe wannan ku ba abokanku dariya ran jarrabawa, daga kalmar Girka ta fito mai nufin hutu, gama a wurinsu wanda ya sami sararin kansa shi ke zama ya nemi ilmi.

Namu rikicin

Kada wani ya ɗauka Hausa wankakkiya ce daga irin wannan. Baƙon da ke koyonta ya ga “gari” a takarda, bai sani ba ko na zama ne ko na tuwo. Ya ga “wuya”, ko ta sarƙa ko ta wahala. Ya ga “kuka”, ko ta miya ko na hawaye. Mu ba mu rikicewa, domin kunnenmu yana jin tsawon wasali da hawa da saukar murya, abubuwan da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Shi ya sa Bargery, cikin ƙamus ɗinsa na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, sai da ya sa alamomi na nuna su. Muna mamakin “foot” da “feet”, “ox” da “oxen”, amma mu muna da doki da dawaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu. Muna kuka da “put up” da “put off” da “put out”, amma mu muna cin tuwo, da cin kasuwa, da cin bashi, da cin amana, da cin sarauta, da cin fuska.

Harshen da ke raye kuwa ba ya daina aro. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Nijeriya a watan Janairu na 2020. Cikinsu akwai “to eat money”, wadda kowane Bahaushe zai gane cin kuɗi ce, da “next tomorrow”, watau jibi, da “Kannywood”. A sanarwar farkon 2025 kuma suya ta shiga. Wata rana wani yaro a wata ƙasa mai nisa zai ɗaga hannu ya tambayi malaminsa don me a ke cin kuɗi, tun da ba a tauna su.

Abin da ya kamata mu yi

Shawararmu huɗu ce. Ta farko, kada mu haddace kalma ita kaɗai kamar marainiya. Mu riƙe ta tare da maganar da aka same ta ciki, domin “take tea” da “take medicine” da “take a walk” a haɗe su ke zuwa. Ta biyu, in mun buɗe babban ƙamus, kada mu tsaya ga ma'ana kaɗai, mu duba ɗan layin nan da ke faɗin asalin kalma, wanda yawancinmu ke tsallakewa. Ta uku, mu koya wa yara kalmomi dangi-dangi: “knife” da “knee” da “knock” rana ɗaya, tare da labarin “k” da ta yi shiru, gama yaro ya kan manta doka amma da wuya ya manta labari. Ta huɗu, in yaro ya yi kuskure, mu bincika mu ga ko Hausarsa ce ke magana da bakin Turanci. Idan haka ne, mu nuna masa inda hanyoyin biyu suka rabu, kada mu bari aji ya yi masa dariya, kada kuma ya tashi da zaton harshen iyayensa ne ya kunyata shi.

Ba dukan kalmomi ne za mu iske labarinsu a kusa ba, kuma ba kowace rana ce a ke da sararin ba da labari a aji ba. Amma ko kalma ɗaya ce a mako malami ya fasa wa ɗalibansa kamar gyaɗa, ya nuna musu ƙwayar da ke ciki, a shekara sun sami abin da zai sa su daina tsoron sauran. Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana, sai fa in ya rasa mai amsa masa. Allah ya sa mu zama masu amsawa, ya ba mu ilmi mai amfani da haƙurin koyar da shi, amin.